Zuciya ma tana son atisaye: jagora ga ɗan wasan da ƙafarsa ke nauyi ranar gasa

Duk wanda ya saba tsayawa bakin filin Kawukudi na Accra da yamma ya san irin yaron nan. Ranar atisaye ba mai iya ƙwace ƙwallo a ƙafarsa, ya yanke mutum uku ya ajiye ta a raga yana dariya. Amma ranar da aka ce ga wasan gaske, ko aka ce baƙi sun zo neman yaran da za su ɗauka, sai ka rasa gane shi. Ƙwallo na zuwa ya yi maza ya rabu da ita, daga baya ma ya koma yana laɓewa bayan ɗan bayan abokan karawa don kada a ba shi. Mutanen bakin fili su ce ba shi da zuciya, wasu su ce an yi masa asiri. Da yawa daga cikin yaranmu na Nima da Mamobi da Fadama da Sabon Zango a nan hanyarsu ke yankewa, alhali ƙafarsu ba ta gaza ba.

Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, amincewa da kai ba halitta ba ce da aka ba wasu aka hana wasu. Abu biyu ne suke haɗa ta: hujjar da ka tara cewa ka iya, da sanin abin da za ka yi a lokacin da abu ya ɓaci. Dukansu ana koyonsu. Misalaina mafi yawa na ƙwallon ƙafa ne, amma ɗan dambe da mai gudu za su ga rabonsu a ciki. Kuma ko da yake "kai" nake ta cewa, ƙannena mata masu buga ƙwallo da masu tsere, maganar taku ce ku ma.

Mataki na farko: gano inda zuciyarka ke karyewa

"Ina jin tsoro" ba bayani ba ne da za a iya aiki da shi. Ka zauna da takarda, ka tuno wasanni uku na baya-bayan nan da ba ka yi abin da ka saba ba. A kowanne ka amsa tambaya huɗu: a daidai wane lokaci abin ya fara, me jikinka ya yi, me ka faɗa wa kanka, me ka aikata bayan haka.

Za ka ga amsar ba ɗaya ba ce ga kowa. Wani tun a cikin mota, kafin a kai fili, cikinsa ke juyawa. Wani lafiya lau yake farawa, sai ya ɓata fasin na farko, daga nan wasan ya ƙare a wurinsa. Wani tsawar koci ce ke kashe masa jiki. Wani kuma da ya hango yayansa ko mahaifinsa a cikin 'yan kallo, shi ke nan. Idan ka gano naka, ka rubuta shi a jimla ɗaya, kamar haka: "Idan na yi kuskure a minti goma na farko, nakan ce yau ba rana ta ba ce, sai in daina neman ƙwallo." Wannan jimlar ita ce za ka yi wa magani a sauran matakan.

Mataki na biyu: buɗe littafin hujja

A 1977 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Albert Bandura ya bayyana cewa yardar mutum da iyawarsa tana fitowa daga wurare huɗu: abin da ya taɓa yi da kansa ya yi nasara, ganin irinsa ya yi, maganar waɗanda ya yarda da su, da yadda yake fassara abin da jikinsa ke ji. A cikin huɗun nan na farko ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Shi ya sa kirarin da abokai ke yi maka kafin wasa ba ya wuce minti biyar a fili. Zuciya ba ta yarda da kirari idan ba ta ga shaida ba.

Matsalar ita ce ƙwaƙwalwa ba ta da adalci wajen ajiya. Ƙwallo ɗaya da ka ɓarar a gaban raga za ta bi ka har kan katifa, amma fasin ashirin masu kyau da ka bayar a ranar sun ɓace kafin sallar isha'i. Don haka kada ka bar mata aikin. Ka sayi ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ka ajiye shi cikin jakar takalminka. Bayan kowane atisaye, kafin ka taɓa waya, ka rubuta abu uku da ka yi daidai da abu ɗaya da za ka gyara gobe. Sharaɗin shi ne kowane layi ya zama abin da za a iya ƙirgawa ko a gani da ido. "Na yi ƙoƙari yau" ba hujja ba ce. Ga irin wanda ake so:

Talata. Bugu da ƙafar hagu daga bakin da'ira, 7 cikin 10 sun nufi raga, makon jiya 4 ne. Na ƙwace ƙwallo sau biyu bayan na rasa ta. Koci ya yi mini tsawa, na amsa da "to, Koci" na ci gaba da neman ƙwallo. Gyara: duba baya kafin ƙwallo ta iso.

Abin kamar adashi ne: ranar kwasa ba za ka ɗauki abin da ba ka zuba ba. Daren da za a wayi gari a yi wasa, ka buɗe littafin ka karanta shafukan mako biyu na baya. Ba kana yaudarar kanka ba ne, kana tuna wa kanka gaskiyar da tsoro yake son ya ɓoye maka.

Kuma kada ka ɗauka sai ranar nasara ake samun hujja. A 1982 aka kira ɗan damben Ghana Azumah Nelson cikin ƙurarren lokaci ya maye gurbin wani, ya hau dandali a birnin New York da zakaran duniya Salvador Sanchez, alhali damben ƙwararru 13 kawai ya taɓa yi. An tsayar da damben a turmi na 15, bai ci ba. Amma wanda ya kai turmi na 15 da zakaran duniya ya san inda ya tsaya. A watan Disamba na 1984 ya je har Puerto Rico, garin su Wilfredo Gomez, ya kayar da shi a turmi na 11 ya ɗauko kambun. Idan an ci ku, ka tambayi kanka abin da wasan ya tabbatar maka cewa ka iya, ka rubuta.

Ganin na gida ya yi shi ma yana da amfaninsa. Mohammed Polo ɗan Nima ne, yana cikin waɗanda suka ci kofin Afirka a 1978. Mohammed Kudus a lungunan nan ya tashi, ya bi ta makarantar ƙwallo ta Right to Dream zuwa Denmark, ya koma Ajax a 2020, ya ci Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a gasar duniya ta 2022. Amma a ganina wanda zai fi ƙarfafa maka gwiwa shi ne wanda ya fi ka da taki ɗaya kawai, abokin atisayenka da bara ba ya iya buga hagu, bana yana yi. Ka tambaye shi yadda ya yi.

Mataki na uku: ɗora burinka kan abin da ke hannunka

Cin wasa ba a hannunka kaɗai yake ba. Akwai alƙalin wasa, akwai fili, akwai mutum goma da kuke tare, akwai sha ɗaya da suka zo hana ku. Haka ɗaukar da baƙi za su yi a ranar gwaji: wataƙila ɗan baya suke nema, kai kuwa ɗan gaba ne. Wanda ya shiga fili da "dole yau a ɗauke ni" ya ɗora wa kansa kayan da ba nasa ba.

Kafin kowane wasa ka zaɓi aiki biyu, iyaka uku, waɗanda ko me ya faru kana iya yinsu. Ɗan tsakiya ya ce: zan waiga kafin kowace ƙwallo ta iso, kuma idan na rasa ta zan bi ta na daƙiƙa biyar. Gola ya ce: zan yi wa 'yan bayana magana da ƙarfi a kowace kwana. Ɗan dambe ya ce: hannuna na dama zai koma haɓa bayan kowane naushi. Da waɗannan za ka auna kanka bayan an tashi.

Mataki na huɗu: numfashi

Bugun zuciya da gumin tafin hannu da yawan zagayawa bayan gida kafin wasa ba alamar rauni ba ne. Jiki ne ke shiri, yana tura jini zuwa tsoka. Wanda ya ci kofi goma ma yana jin haka. Bambancin kawai, shi yana cewa "jikina ya shirya", kai kana cewa "na shiga uku". Ka sauya fassarar.

Idan abin ya yi yawa har ƙafa na rawa, ga abin yi. Ka ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu, cikinka ya kumbura ba kafaɗa ba, sannan ka sake ta a hankali ta baki kana ƙirga shida. Tsawaita fitar da iskar shi ne ke sassauta bugun zuciya. Sau shida ya kai kimanin minti ɗaya. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Ka riƙa yi minti biyar kullum, bayan sallar asuba lokaci ne mai kyau, sannan ka riƙa gwada shi a atisaye lokacin da kake haki bayan gudu. A fili numfashi ɗaya ko biyu kawai za ka samu dama, kuma ba za su yi aiki ba sai jiki ya riga ya san su.

Mataki na biyar: gyara abin da kake faɗa wa kanka

Ka koma ga jimlar da ka rubuta a mataki na farko. Da a ce ƙanenka ne ya ɓata fasin, za ka ce masa "kai ba ka iya komai ba"? To don me kake faɗa wa kanka?

Ka'ida biyu ce. Ta farko, ka faɗi abin da za ka yi, ba abin da kake gudu ba. "Kada in ɓarar" yana kai hankalinka kan ɓararwa. "Ƙasa, gefen dama" yana kai shi kan aiki. Ta biyu, maganar ta zama gajera, kalma ɗaya ko biyu, da harshen da kake tunani da shi. Idan Hausa ce ke fito maka lokacin da ka fusata, to da Hausa za ka yi. "Waiga." "Natsu." "Ta gaba." "Matsa masa." Ka zaɓi ɗaya don aikin da ke son natsuwa, ɗaya don lokacin gajiya, ɗaya don bayan kuskure. Ka riƙa faɗinsu a fili a lokacin atisaye har su zama jiki. Ba na goyon bayan irin maganar nan ta "ni ne gwanin duniya" a gaban madubi, domin zuciyarka ta san ba haka ba ne, kuma da zarar an ƙwace maka ƙwallo biyu maganar za ta watse.

Mataki na shida: buga wasan a zuci kafin ranar

Idan mutum ya siffanta motsi a ransa dalla-dalla, sassan ƙwaƙwalwar da ke tsara motsin suna aiki ko da jikin bai motsa ba. Ba ya maye gurbin atisaye, amma yana ƙara masa ƙarfi. Yawancin yara suna yin sa ba daidai ba: su kwanta su ga kansu sun ci ƙwallo a filin Wembley jama'a na ihu. Wannan mafarki ne.

Yadda ake yi shi ne ka kusanto da abin ga gaskiya iyakar iyawarka. Ka tashi tsaye, in da hali da takalmin ƙwallonka a ƙafa. Ka siffanta ainihin filin da za ku buga ranar Asabar, da jar ƙasarsa da ramin da ke kusa da tsakiya, da zafin ƙarfe uku na rana, da hayaniyar magoya bayan ɗaya ɓangaren. Ka gani da idonka kamar kana ciki, ba kamar kana kallon kanka a talabijin ba. Ka ji nauyin ƙwallon a cikin ƙafarka. Ka bar abin ya gudana da saurinsa na gaske. Motsi ɗaya za ka ɗauka, misali karɓar ƙwallo da juyawa, ka maimaita shi sau biyar zuwa goma. Minti biyar ya isa, sau uku ko huɗu a mako.

Ga ɓangaren da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi amfani: ka siffanta abu ya ɓaci. An ci ku a minti na biyar. Ka ba abokin karawa ƙwallo da ƙafarka. Alƙali ya hana ka fenariti bayyananne. Sannan ka ga kanka kana yin abin da ka tsara, ka ja numfashi, ka faɗi kalmarka, ka nemi ƙwallo ta gaba. Ranar da abin ya faru da gaske, ba baƙo ba ne a wurinka.

Mataki na bakwai: kafa tsarin da ba ya canzawa kafin bugu

Mu a Ghana ba sai an gaya mana zafin fenariti ba. A 1992 Kwaddebuwa ta ɗauke mana kofin Afirka da 11 da 10. A 2015 muna gaba da biyu a bugun, aka ƙare 9 da 8, su ɗin dai. Amma kuma a 2009 a Alƙahira yaranmu 'yan ƙasa da shekara 20 sun buga mafi yawan wasan ƙarshe da mutum goma, suka riƙe Brazil, suka cinye ta 4 da 3 a fenariti. Don haka maganar cewa mu ba mu da sa'ar fenariti ba ta da tushe.

Tazarar mita 11 ce, faɗin raga mita 7.32, tsayinta 2.44. A atisaye kowa na ci. Abin da ke canzawa ranar gasa shi ne gaggawa da inda ido yake. Geir Jordet, wani mai bincike ɗan ƙasar Norway da ya daɗe yana nazarin fenariti, ya gano cewa waɗanda ke rugawa su buga da zarar an busa usur sun fi ɓararwa, domin so suke su rabu da tashin hankalin. Wasu masu bincike a Ingila kuma sun nuna cewa mai bugu idan ya tsorata yakan kafe gola da ido, ƙwallon kuma ta bi idon ta tafi kusa da golan.

To ga tsari, ka gyara shi ya dace da kai. Ka yanke shawarar gefen da za ka buga tun kana tahowa daga tsakiyar fili. Ka ɗauki ƙwallon da hannunka ka ajiye ta da kanka, ka tabbatar ta zauna, musamman a filin ƙasa inda wurin yakan yi rami. Ka ja baya da adadin takun da ka saba, kullum iri ɗaya. Idan gola na surutu ko yana tsalle, aikinsa yake yi, kai ka dubi ƙwallo. Da an busa usur, kada ka motsa. Ja numfashi ɗaya cikakke, ka sake shi. Ka ɗora ido kan daidai inda kake so ta shiga, ka faɗi kalmarka, ka dawo da ido kan ƙwallo, ka tafi. Usur izini ne aka ba ka, ba kora ba.

Mai bugun tazara da mai kwana da gola duk su yi nasu. Mai gudun mita 100 ya fi kowa buƙata, domin tun 2010 tashi ɗaya kafin bindiga ya isa a fitar da mutum, kuma hakan ya faru da Usain Bolt kansa a gasar duniya ta 2011. Ɗan dambe yana da minti ɗaya tsakanin turmi da turmi: ya zauna, numfashi uku, ruwa, sannan ya saurari magana ɗaya daga koci. Amfanin tsari shi ne yana ba hankali aikin yi a lokacin da in an bar shi zai tafi tunanin abin da mutanen unguwa za su ce.

Mataki na takwas: daƙiƙa goma bayan kuskure

Ranar 2 ga Yuli 2010, a Johannesburg, a wasan Ghana da Uruguay na gasar duniya, Luis Suarez na Uruguay ya tare ƙwallo da hannu a kan layi a ƙarshen ƙarin lokaci. Asamoah Gyan ya buga fenaritin da zai kai Afirka wasan kusa da na ƙarshe karon farko, ta daki sandar sama. Kowa ya tuna wannan. Abin da nake so ka tuna shi ne abin da ya biyo baya: 'yan mintoci kaɗan, da aka zo bugun raba gardama, shi ne ya fara bugawa Ghana, ya kuma zuba ta a saman raga. An fitar da mu 4 da 2, amma mutumin da duniya ta faɗo masa a ka ya sake ɗaukar ƙwallo ya ajiye a wurin nan. Ya ƙare da ƙwallo 51 a rigar ƙasa, ba wanda ya kai shi.

Ba wanda zai hana ka kuskure. Abin da za ka iya tsarawa shi ne abin da ke biyo bayansa, kuma tun a gida ake tsara shi da sigar "idan kaza ya faru, zan yi kaza". Ka yi shi hawa uku. Na farko, wata alama ta jiki da ke nufin an rufe maganar: ka ja safarka sama, ko ka tafa hannu sau ɗaya, ko ka shafa ƙasa ka kakkaɓe. Na biyu, numfashi ɗaya da kalmarka, "ta gaba". Na uku, kuma kada ka tsallake shi, aiki mai sauƙi nan take: ka koma matsayinka da gudu, ka kira a ba ka ƙwallo, ka ba da fasin gajere mai tabbas. Kada ka ce sai ka rama da abin mamaki, nan ne kuskure ɗaya ke zama uku. Ka ɗaga kai, ka buɗe kafaɗa. Ɗan bayan da ya ga ka sunkuyar da kai ya san ya same ka.

Nazarin kuskuren yana da lokacinsa, bayan wasa, a littafi.

Mataki na tara: shigo da matsi cikin atisaye

Wannan na koci ne da kyaftin. Idan atisaye kullum wasa da dariya ne, ranar gasa za ta zo wa yara a baƙuwa. A ƙarshen atisaye, lokacin da kowa ya gaji, a raba biyu a yi bugun fenariti na gaske: kowa ya tako daga tsakiyar fili shi kaɗai, bugu ɗaya tak, sauran suna ihu, waɗanda aka ci su kwashe kaya su ɗebo ruwa. A buga wasan minti goma a ce wa ɓangare ɗaya an riga an ci su ɗaya kuma su tara ne. Koci ya yanke hukuncin da bai dace ba da gangan, ya ga wanda zai tsaya musu da wanda zai koma matsayinsa. A fara da matsi kaɗan a riƙa ƙarawa, domin manufar ita ce yaro ya tsallake ya samu abin rubutawa a littafinsa.

Koci, don Allah, zagi da ambaton iyaye ba horo ba ne. Yaron da ke tsoron bakinka zai daina gwada abin da ka koya masa. Ka gaya masa abin da zai yi, a gajarce, kuma idan ya yi daidai ka faɗi ainihin abin da ya yi daidai.

Mutanen da ke kewaye da kai, da maganar laya

Ka zaɓi mutum biyu ko uku da za ka riƙa jin ra'ayinsu kan wasanka, waɗanda ke faɗa maka gaskiya ko ta yi ɗaci. Sauran, na majalisar shayi da na Facebook da WhatsApp, ka gaishe su da mutunci ka wuce. Wanda ya kira ka Maradona yau shi zai ce ka ƙare gobe. Nauyin gida ma gaskiya ne. Yaro na buga ƙwallo yana jin cewa kuɗin haya da kuɗin makarantar ƙannensa duk a ƙafarsa suke. Idan haka ne, ka zauna da mahaifiya ko Baba ka ce musu, "Ku yi mini addu'a, amma ranar wasa kada a yi mini maganar tafiya waje." Yawancin iyaye za su fahimta.

Sai maganar da ba a cika son yi a fili ba. Akwai masu karɓar kuɗin yara su ba su abin ɗaurawa a ƙugu ko turare ko ruwan wanka. Ban da abin da malamanmu suka faɗa game da hukuncinsa, ka duba ta fuskar wasan kanta: wanda ya ajiye zuciyarsa a cikin laya, ranar da ya manta ta a gida ko aka ce ta ɗaya ɓangaren ta fi ƙarfi, an ci shi tun kafin a take ƙwallo. Addu'a daban ce. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Ka yi atisayenka, ka yi barcinka, ka yi addu'arka, ka bar wa Allah sakamako. Wanda ya fahimci haka ya sauke rabin nauyin da ke hana ƙafa tashi.

Idan kuwa damuwar ta wuce fili, ba ka barci, ba ka cin abinci, ka daina jin daɗin komai har tsawon makonni, ko numfashinka na sarƙewa haka kawai, wannan ya wuce aikin jagora irin wannan. Ka gaya wa babba, ka ga likita.

Yadda za ka jera su

Kada ka kwashi duka a mako ɗaya. Mako biyu na farko, littafi da numfashi kawai. Na uku, ka ƙara kalmominka da ayyukan da za ka auna kanka da su. Na huɗu, siffantawa a zuci. Na biyar da na shida, tsarin bugu da tsarin bayan kuskure, a gwada su cikin atisaye mai matsi. Idan azumi ya shigo kuma atisayen jiki ya ragu, lokaci ne mai kyau na ƙarfafa numfashi da siffantawa, tunda ba sa cin ƙarfi.

Daren wasa ka haɗa jakarka, ka karanta littafinka, ka yi siffantawa ta minti biyar, ka kashe waya da wuri. In barci ya ƙi zuwa kada ka tayar da hankali, dare ɗaya ba ya rushe aikin makonni, ka kwanta dai jiki ya huta. Da safe ka ci abin da cikinka ya saba da shi, kokonka da ƙosai ko wake da shinkafa, awa uku ko fiye kafin wasa, kada ka gwada sabon abu. Ka fita da wuri saboda cunkoson Accra, domin wanda ya iso fili a guje yana ɗaura takalmi ana busa usur ya riga ya zubar da natsuwarsa a hanya. Wajen ɗumama jiki ka maimaita ayyukanka biyu a zuci. Taɓawarka ta farko ta zama mai sauƙi. Bayan an tashi, ko an ci ko ba a ci ba, ka bari sai ka yi wanka ka ci abinci, sannan ka buɗe littafi ka rubuta ukun da ka yi daidai da ɗayan da za ka kai atisaye ranar Litinin.